Rigar Baftisma da Motar Arnfinn

Da mijina Arnfinn ya yi ritaya daga koyar da lissafi, sai ya rasa wanda zai riƙa yi wa gyara. Shi ne ya sayi motar lantarki ya mai da ita addini. Ba wai baƙon abu ba ne a Drammen, kusan duk layinmu ita ake hawa, har da tsohuwar da gidanta ke kallon namu. Bambancin kawai, su hawa suke yi, shi kuwa wa'azi yake yi. In tsautsayi ya sa ka ce masa "ya mota?", to ka nemi kujera.

Ƙaninsa Sverre kuma ya je ya sayi mai haɗi, irin wadda ake jona wa wuta kuma take shan fetur in batir ya ƙare. Arnfinn ya laƙaba mata suna jemage, wai ita ba tsuntsu ba, ita ba ɓera ba. A teburin Kirsimetin bara waccan ya faɗa, gaban 'ya'ya da surukai. Sverre ya ajiye cokali ya ce gara jemage da motar da sai an tsaya an ba ta nono kafin ta hau tudu. Aka yi dariya, har da ni. Wanzami kuwa ba ya son jarfa. Tun daga ranar ba sa ga-maciji, amma irin tamu gabar ce, ba zagi ba ɗaga murya. In sun haɗu wajen jana'iza kowa ya ɗaga wa kowa gira, shi ke nan.

Ana cikin haka 'yarmu Ragnhild ta haihu a Eidfjord, can bayan dutse, garin su Arnfinn na asali. Aka sa baftisma ranar wata Lahadi cikin Fabrairu. Rigar da za a sa wa jaririyar tana hannuna. Surukata Gunvor ce ta ɗinka ta daga rigar aurenta, kuma duk yaron da aka yi wa baftisma a cikinta sai an ɗinka sunansa da zare a bakinta ta ciki. Arnfinn ne na farko, Sverre na biye da shi, sai jikoki. Ni na ƙara sunan jaririyar, Tuva, da hannuna, idona yana ruwa saboda ƙanƙantar allura.

Gunvor ta haura casa'in, tana gidan kula da tsofaffi, kuma tun lokacin kaka likita ya daina yi mana dogon bayani. Ta kira ni a waya ta ce, "Oddny, zan jira in ga rigar nan a jikin yarinyar. Bayan nan ban yi wa kowa alkawari ba." Matar da ban taɓa jin ta yi wasa ba. Don haka da Ragnhild ta ce a aika rigar ta gidan waya, na ce ko kusa. Da ƙafata zan kai ta.

Sverre ya aiko mini saƙo, ba wansa ba, ya ce tun da shi kaɗai ne a mota, me zai hana mu tafi tare. Tun rasuwar matarsa shi kaɗai yake tafiye-tafiyensa. Na karanta wa Arnfinn.

"Ki ce masa mun gode," in ji shi. "Gara in tafi a ƙasa."

Ranar Asabar da safe muka ɗauki hanya, kwalin rigar a kan cinyata, fulas ɗin kofi a ƙafata, da burodi da cuku naɗe a takarda. Arnfinn ya riga ya gama tsarinsa: tsayawa ɗaya tak a garin Geilo, a yi caji, a haye dutse da rana tsaka, mu sha kofin yamma a gidan Ragnhild. Abu biyu ne bai sa a lissafi ba. Makon hutun hunturu ne, duk mai ɗan gidan katako a kan dutse ya ɗebo iyalinsa ya fito. Sannan sanyin ranar irin wanda ke sa gashin hanci ya ƙage ne, batir kuwa ba abin da ya tsana kamar sanyi.

Ba mu yi nisa a kwarin Hallingdal ba na ga yana satar kallon allon motar. Can sai ya miƙa hannu a hankali ya kashe hita mai ɗumama motar.

"Me ya sa ka kashe?"

"Iska ce ta yi nauyi. Ba ki ji ba?"

"Abin da na ji shi ne yatsun ƙafata suna yi mini ban kwana."

"Ai kina da safar ulu. Kakanninmu da me suka haye dutsen nan?"

"Kakanninmu doki ne da su, Malam. Doki ko ba komai yana da ɗumi."

Ya kunna mini abin ɗumama kujera a matsayin sulhu. Haka na isa Geilo, mazaunaina sun gasu, hancina ya daskare.

Wajen cajin ya cika. Ba layi a zane a ƙasa, ba mai ba da lamba. Yadda aka saba, kana zuwa ka faka nesa kaɗan, ka lura da wanda ka tarar, ka jira ya shiga sannan kai. Ba wanda ke tambayar wani, don tambaya sai an buɗe baki. Muka tarar da wata shuɗiyar mota a tsaye a gefe, hancinta yana kallon injinan caji, gilasanta duk sun yi fari da raɓar ƙanƙara. Arnfinn ya faka a bayanta. Wata ta zo ta faka a bayanmu, wata a bayan waccan. Kafin in gama kofi ɗaya layi ya kai bakin titi.

Wata mota ta cire waya ta tafi, wuri ya samu. Shuɗiyar ba ta motsa ba.

"Shiga mana," na ce.

"Ya riga mu."

"To ai bai shiga ba."

"Wataƙila yana waya. Ba a yi wa mutum gaggawa."

Wurin ya zauna fayau, motoci wajen goma suna kallonsa kamar an ajiye wa mayunwata abinci an ce a jira addu'a. Sai ga wani ya shigo ta ɗaya ƙofar, bai ma san da layi ba, ya shige ya jona abinsa ya tafi sayen kofi yana fito. Arnfinn ya fusata ƙwarai. Ya yi wata irin ajiyar zuciya mai ƙarfi, a cikin mota, gilashi a rufe. Na waiwaya na ga matar da ke bayanmu ita ma ta harari sitiyarinta. Iyakar fushinmu ke nan.

Haka aka yi sau biyu, aka yi sau uku.

"Arnfinn, je ka ƙwanƙwasa masa gilashi."

"In ƙwanƙwasa gilashin mutumin da ban sani ba? In ce masa me?"

"Ka ce masa ina kwana, layi kake?"

"Ya ɗauka cewa nake yi bai san abin da yake yi ba. Ke ki je mana."

Na sa hannu a marfin ƙofa. Na tuna yadda mutumin zai sauke gilashi ya dube ni, da yadda duk layin zai zuba mini ido, sai na ce kwalin rigar ba zai yiwu a ajiye shi a kujera ba. Gaskiya ɗaya ce, ƙwaryar sama da ta ƙasa duk duma ɗaya ne. Muka ci burodinmu muna kallon bayan shuɗiyar mota, rana tana karkata.

Can sai ga wani magidanci da matarsa da 'ya'yansu mata sun gangaro daga tudun wasan zamiya, kumatu jajur, katakon zamiya a kafaɗa. Suka nufo shuɗiyar mota. Uban ya ɗaure katakan a saman rufi, ya kankare gilashi a tsanake, suka shiga. Ya murza makulli. Motar ta yi tari, baƙin hayaƙi ya turnuƙe mana gilashin gaba. Ta dizal ce, ba ruwanta da caji. Tun safe ya ajiye ta a nan ya tafi wasansa.

Da zai wuce har ya ɗaga mana kai, irin gaisuwar mutunci. Arnfinn ma ya ɗaga masa.

Aure ya koya mini akwai shirun da ya fi magana ciwo, shi na yi amfani da shi.

Da muka samu wuri, batir ya yi sanyi ƙalau, wutar tana shiga da ƙyar kamar ana ɗura wa mara lafiya kunu. Muna zaune rediyo ya ce iska ta tashi a kan Hardangervidda, dutsen da za mu haye, ba a hayewa sai a ayari, motar share ƙanƙara a gaba wata a baya. Ayari ɗaya ya rage, daga shi za a rufe hanya sai yadda hali ya yi. Sauran hanyoyin dutsen tun rana aka rufe su. Na dubi kwalin da ke cinyata, na ƙara rungume shi.

Arnfinn ya dubi allo, batir bai kai rabi ba. Ya dubi madubi, ga mutanen da muka jawo wa zaman banza a bayanmu, ba wanda ya ce komai, kuma shi ne abin da ya fi damunsa. Ya fita ya cire waya.

"Zai kai mu?"

"Har da saura. In mun fara gangara zuwa Eidfjord motar da kanta take mayar da wuta. Wannan ne jemage ba zai taɓa ganewa ba."

A bakin shingen Haugastol, inda ake tare hanyar dutse, muka shiga sahun masu jiran ayari. Nan ma aka yi ta jira. Iska tana kaɗa motar, dusar ƙanƙara tana tafiya a kwance. Na jure iya jurewa, da na ji haƙorana suna haɗuwa na kunna hita da kaina, na ce in ya taɓa sai dai ya nemi wata matar. Muka zauna cikin ɗumi muna kallon lambar batir tana sauka ɗaya bayan ɗaya. Gaba kura, baya sayaki.

Wata ma'aikaciyar hanya cikin riga ruwan lemo ta biyo sahu tana leƙa kowace mota, tana tambayar kayan sanyi da abinci da mai. Ta leƙa allonmu. Arnfinn ya gyara zama ya yi mata bayanin gangara tiryan-tiryan, har da nauyin mota. Ta saurare shi har ƙarshe.

"Ƙila lissafinka daidai ne," ta ce. "Amma in iska ta tsayar da mu a sama, sai mu yi awanni a wuri guda. Ba ni da ikon barin ku ku shiga da wannan. Ku yi haƙuri, ku ja gefe."

Muka ja gefe, kusa da wani ɗan masauki. Ban taɓa ganin Arnfinn ya yi tsuru-tsuru haka ba. Ni kuwa Gunvor kawai nake gani, an yi mata wanka an taje mata kai an turo ta coci, a miƙo mata jaririya cikin rigar kanti. Hawaye suka zo mini, na haɗiye su don haushi ya fi su ƙarfi.

Sai na hango wata mota ruwan toka a can baya cikin sahu, hayaƙi yana fita ta bayanta a hankali. Na san lambar. Arnfinn ma ya gani, don na ga ya juya yana nazarin wani tulin ƙanƙara a ɗaya gefen.

"Ga Sverre can," na ce.

"Na gani." Ya juyo ya dubi kwalin. "Ɗauki rigar ki bi shi. Ni zan koma Geilo in yi caji, in an buɗe hanya in biyo ku."

"In an buɗe ranar Talata fa?"

"Ba zan bar mota a nan ba."

"Motar ba ta da uwa mai shekara casa'in tana jiran ta, Arnfinn. Kai kake da ita. Jikarka ta fari ce, kuma wannan ne karo na ƙarshe da Mama za ta zauna a cocin nan da ranta, ka sani na sani. In ka zaɓi ka kwana da batir, ka kwana. Amma ni ba zan ƙwanƙwasa gilashin can ba. Yau gilashi ɗaya ka ƙi ƙwanƙwasawa, ga inda ya kawo mu."

Fitilar motar share ƙanƙara ta fara walƙiya a gaba, masu motoci suna ta tayar da inji. Arnfinn ya zauna riƙe da sitiyari kamar za a ƙwace masa. Girman kai rawanin tsiya ne, amma mai shi ba ya jin nauyinsa sai ranar cirewa. Ya buɗe ƙofa ya fita, iska ta kusa tafiya da hularsa. Na bi shi da kwali a ƙirji, don wannan kallon ba zai wuce ni ba.

Ya ƙwanƙwasa. Gilashi ya sauka kamar faɗin yatsa uku.

"Sverre."

"Yaya."

"Akwai sanyi."

"Akwai shi."

Suka tsaya nan. Na rantse da na bar su da sun kai bazara suna maganar sanyi. Na taka ƙafar Arnfinn.

"Jemagen naka," ya ce, yana kallon rufin motar, "yana da wuri?"

"Ban ji ba, iska ta yi yawa."

"Na ce motarka tana da wuri?"

"Au, mota. Tana da shi. Gaba na Oddny ne, kai sai baya."

Muka kwaso jakunkuna a guje. Arnfinn ya cusa kansa a baya, gwiwoyinsa a haɓa, na ɗora masa kwalin a cinya. Aka ɗaga shinge, ayari ya tashi.

Ba a ganin komai a sama sai jar fitilar motar gabanka, ita ma wani lokaci ta ɓace. Sau ɗaya aka tsayar da mu, muka daɗe a tsaye, iska tana jijjiga mu. Sverre ya ƙure hita har ƙarshe, na tabbata da gangan. Can na dubi Sverre na ce, "Ka ga abin da ya same mu a Geilo kuwa?"

"Na gani," in ji Sverre. "Ina gidan man da ke tsallaken titi. Na ga kun yi layi a bayan mai dizal."

Arnfinn ya yunƙuro daga baya. "Ka san ta dizal ce?"

"Bututun hayaƙinta kamar na jirgin ruwa, Yaya. Ta inda nake ana gani sarai."

"Me ya hana ka zo ka faɗa?"

"Ban so in shiga abin da ba ruwana. Kuma na ce malamin lissafi ne, ƙila akwai dabarar da ban gane ba."

Na yi dariya har da tari. Arnfinn ya koma ya jingina yana huci. Ina cikin share ido sai na lura da takardun naɗe tsiren burodi irin na gidan mai a ƙasan kujerata, ba ɗaya ba, ba biyu ba, ga kofunan kofi na takarda an jera su cikin juna. Mutumin da motarsa ba ta buƙatar caji, me ya zaunar da shi a Geilo tun hantsi? Ayari biyu sun haye kafin wannan.

"Sverre," na ce, "tsire nawa ka ci a gidan man nan?"

"Yunwa nake ji."

"Tun safe har la'asar?"

Ya gyara madubi, ya ƙura wa jar fitilar gabansa ido. "Rigar Mama tana motarku," ya ce. "Kuma na ji hasashen yanayi."

Tausayin Sverre ya kama ni, da kunyar kaina, mutum shi kaɗai a gidan mai yana tura tsiren da ba ya so don kada wansa ya ce ana bin sa. Daga baya Arnfinn ya yi gyaran murya.

"Hitar nan taka," ya ce, "ba laifi."

"Ɗumin jemage ne, Yaya. Kada ka saba."

Washegari da safe a motar Sverre muka je coci, tun da ba wata. An riga an turo Gunvor a kekenta zuwa bakin ƙofa, lulluɓe da bargo, ta ƙi a shigar da ita ciki. Jiki ya tafi, amma idon nan yana nan. Ta ga Sverre ya fito daga mazaunin direba, ta ga Arnfinn yana fama da ƙofar baya yana zaro ƙafafunsa ɗaya bayan ɗaya. Ta dube su ta sake dubawa.

"A mota ɗaya kuka zo?"

"E, Mama," in ji Sverre.

"Kai ne a baya, Arnfinn?"

"Ni ne, Mama."

"Ba ka yi kuka ba?"

"Kaɗan ya yi," in ji Sverre.

Ragnhild ta fito da Tuva cikin rigar, ta ɗora ta a cinyar tsohuwa. Gunvor ta dubi fuskar yarinyar sosai, sannan ta juya bakin rigar. Ta bi sunayen da yatsa daga sabo zuwa tsoho, har ta kai kan biyun farko da zarensu ya koɗe, ɗaya manne da ɗaya. Ta ɗora babban yatsanta a kansu, ya rufe duka biyun.

"Da gangan na ɗinka ku kusa da juna," ta ce. "Yadin ma akwai wuri, ba rashin wuri ba ne."

Aka kaɗa ƙararrawa. Keken nata hannu biyu gare shi, Arnfinn ya kama ɗaya, Sverre ya kama ɗaya. Suka tura ta ciki a karkace, kowa yana cewa ɗan'uwansa ne bai iya tuƙi ba, ita kuwa ba ta ɗaga yatsanta daga bakin rigar ba.